LIKITA BARAU DIKKO, ƊAN AREWA NA FARKO DA YA ZAMA LIKITA

Ya mai karatu, ka taɓa kai marar lafiya babban asibiti? In ka taɓa, ka san yadda abin yake. Malamin ɗakin shan magani na ƙauye ya duba, ya ga ciwon ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta takarda a tafi gaba. A asibitin gari ma aka duba, aka ƙara turawa gaba. Ku yi sammako, kuɗin mota na rance, yaro yana kwance a cinyar uwarsa, har ku kai wani babban gida inda 'yan makaranta masu fararen riguna suke bin babban likita daga wannan gado zuwa wancan. Irin wannan gida shi ake kira asibitin koyarwa. A nan ake warkar da mutane, a nan kuma ake koya wa likitocin gobe aikinsu.

A Kaduna akwai wani irinsa, sunansa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Kowace rana mutane suna faɗa wa mai mota sunan, amma kaɗan ne suka san mai sunan. To, bari ka ji labarinsa. Cikakken sunansa Russell Aliyu Barau Dikko. Bafillace ne, Kirista ne, mutumin Zazzau ne. Shi ne kuwa ɗan Arewacin Nijeriya na farko da ya zama likita.

'YAR ƘARAMAR JAMA'A A ZAZZAU

An haife shi a ƙasar Zazzau cikin shekara ta 1912. Amma in kana so ka gane shi, sai mu koma baya kaɗan.

A shekara ta 1900 waɗansu Turawa biyar na mishan ɗin C.M.S. suka taso daga Ikko, suka nufi Kano. Shugabansu Bishop Tugwell ne. A cikinsu akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda ya yi karatu a asibitin St. Bartholomew a Landan. Sarkin Kano Aliyu bai karɓe su ba, ya umarce su su fita daga garinsa. Suka komo suka zauna a Girku, a nan ɗayansu ya rasu. Sai a 1905 Likita Mila ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya. Abin mamaki, ko da yake likita ne, ba da magani aka fi saninsa ba. Makaranta ya sa a gaba, da fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932. Ya tara yara 'yan kaɗan a gidansa, ya tsananta musu da karatu ƙwarai. Mutum ne mai zafin rai, ya yi ta gardama da sarakuna da Turawan mulki, har da 'yan'uwansa na mishan. Amma makarantarsa ta fitar da mutane.

Masu bi na Zazzau a lokacin nan ba su da yawa, ba su kuma da ƙarfi. Sun kafa wani ƙauye nasu, Gimi, suka yi gonaki, suka gina ɗakin sujada. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kashe mutane da dama, sauran suka watse. Ka riƙe wannan a ranka, gama za mu sāke gamuwa da ciwon nan. A 1929 aka tashi mishan daga cikin birni aka kai shi Wusasa, bayan ganuwa. A can aka gina majami'a da makaranta, da asibitin da ake kira da sunan Luka, marubucin Bishara, wanda shi ma likita ne.

Cikin wannan jama'a Barau Dikko ya tashi, a makarantar nan kuma ya fara karatu.

Yaro mai ƙwaƙwalwa a Arewa a zamanin nan, Kwalejin Katsina ake kai shi. Amma an kafa ta domin horar da malamai Musulmi ne, ba wurin ɗan mishan ba ce. Saboda haka Dikko ya bi hanyar kudu, ya shiga King's College a Ikko. Daga can ya haye teku zuwa Ingila, ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham. Ka tuna fa, babu jirgin sama na fasinja kamar yau, babu waya a aljihu. Wasiƙa takan yi makonni kafin ta kai Zariya. Shekara da shekaru yana cikin sanyi da hayaƙin masana'antu, nesa da kowane mai jin Hausa.

Kudancin ƙasar ya riga Arewa da nisa. Tun kafin 1880 wani Bayarabe, Nathaniel King, ya zama likita yana aiki a Ikko. Arewa kuwa ta jira wajen shekara sittin bayan wannan kafin ta sami nata na fari.

AIKIN LIKITAN GWAMNATI

Dikko ya shiga aikin gwamnati a 1940, a matsayi na ƙasa cikin likitoci. Gidan da ya shiga ba domin irinsa aka gina shi ba. Tun 1902 Turawa suka kafa ƙungiyar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma, suka sa doka cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Baƙar fata ko ya ci jarrabawa ɗaya da Bature a makaranta ɗaya, dabam ake rubuta shi, albashinsa kuma ƙasa. An fara sassauta wannan kafin Dikko ya komo, amma asibitoci suna nan kashi biyu, na Turawa da na 'yan ƙasa. Sai a 1947 Gwamna Richards ya hana wannan bambanci. A Kaduna, asibitin manyan ma'aikata Turawa shi ake kira Nursing Home. Wannan gida ne yau yake ɗauke da sunan Barau Dikko.

Mene ne aikin likitan gwamnati a lokacin? Kada ka zaci zama ne a ofis. Sau da yawa likita ɗaya ne a asibitin lardi duka. Da safe ya duba layin masu ciwo. Da rana ya yi aikin gwaiwa, ko ya ɗaure karaya, ko ya cece mace da haihuwa ta gardama. Shi ne mai duba fursuna, shi ne mai duba naman kasuwa da ruwan sha. Bayan wannan duka sai rangadi. En'e tana da ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, kowanne da malaminsa. Dole likita ya zaga ya duba littattafansu, ya ƙirga magani, ya gyara wa malami kuskurensa, ya ɗauko masu ciwon da ya fi ƙarfin wurin. Da damina hanya takan yanke, sai doki ko ƙafa. Ƙidayar 1952 ta nuna mutanen Jihar Arewa sun kusa miliyan 17. Likitocin da ke dubansu kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Akwai wata wahala kuma wadda ta fi rashin hanya. Mutane suna tsoron asibiti. Ana cewa wanda ya shiga ba ya fita. Da ɗan dalilinsu, gama ba a kawo mutum sai an gama da wanzami da boka da mai rubutu, sai rai ya kai ga wuya. In ya mutu a gadon asibiti, sai a ce asibiti ne ya kashe shi. Bature likita kuwa ta bakin tafinta yake jin ciwo. Tsohuwa ta ce dattako ya hana ta faɗin inda ke mata ciwo, tafinta ya juya yadda ya ga dama. Ka ga amfanin likitan da ya sha Hausa a nono? Ya san abin da ake nufi in an ce shawara, ko zahi, ko iska. Ya san yadda ake gai da mai gida kafin a nemi ganin matarsa. Ya san kunya. Wannan ba a koyar da shi a Birmingham.

SHUGABAN JAM'IYYA

Yanzu ga wani abin da mutane da yawa suka manta. A 1948 'yan boko na Arewa suka fara taruwa suna shawara a kan ci gaban ƙasarsu. A Zariya Likita Dikko ne ya tara mutane, tare da irin su Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A Kaduna Malam D. A. Rafih ya tara nasa. Ƙungiyoyin biyu suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. Abokan gāban da suka ambata uku ne, jahilci da lalaci da zalunci. Malam Aminu Kano yana ciki, Malam Sa'adu Zungur yana ciki. A babban taron da aka yi a Kaduna cikin 1949 aka zaɓi shugaba. Wa aka zaɓa? Likita Dikko.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Taro ne wanda yawancinsa Musulmi ne, waɗansu manyan malamai ne masu ilimin Arabiyya, waɗansu 'ya'yan sarakuna. Suka ɗauki Kirista ɗan mishan suka sa shi a gaba. Ba su jahilci addininsa ba, shi ma bai ɓoye ba. Sun ga iliminsa, sun ga riƙon amanarsa, sun kuma san ɗan ƙasa ne kamarsu. Mu da muka ga abin da ya auku a Kaduna a shekara ta 2000, har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin masu salla da masu zuwa majami'a, ya kamata labarin nan ya ba mu kunya, dukanmu.

A 1951 jam'iyyar ta zama ta siyasa sosai, watau N.P.C., wadda Sardauna Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shugabanta daga baya. Doka kuwa ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Hanya ta rabu biyu a gaban Dikko. Ko ya ajiye aikin likita ya riƙe jam'iyya, ko ya saki jam'iyya ya riƙe aikin likita. Ya sauka daga shugabanci, ya koma wurin masu ciwo. Waɗanda suka zo bayansa suka zama Firimiya da Firayim Minista, hotunansu suna kan kuɗi. A ganinmu bai yi hasara ba. Masu iya jawabi suna da yawa a Arewa a shekarar nan, amma likitoci 'yan ƙasa ana ƙirga su da yatsun hannu.

CUTUTTUKAN DA BA SU ZUWA ASIBITI

Ya zama babban likita a 1953. A 1957 aka ba shi sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. A 1960 aka mai da shi sashen da ke lura da asibitoci. A nan ya kamata mu daɗe kaɗan, domin a nan ne za ka gane abin da babban asibiti yake tsaye a kai.

Ɗauki ciwon barci, wanda ya cinye Gimi. Ƙudan tsando ne yake kawo shi, yana zaune a kurmin bakin rafi, daidai inda mata suke ɗiban ruwa. Da fari zazzaɓi ne da kaluluwa a wuya. Daga baya mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, hankalinsa ya juye, ya rame, ya mutu. Mai irin wannan ciwo ba zai tashi ya tafi Kaduna ba. In ka zauna a asibiti kana jiransa, gari zai ƙare ba ka ga kowa ba. Don haka tun cikin shekarun 1930 aka kafa ƙungiyoyin ma'aikata masu bin ƙauyuka. A tara gari duka a gindin itace, a shafa wuyan kowa, a tsotsi ruwan kaluluwa da allura a duba a madubin likita, wanda aka samu da ciwo a yi masa allurai. A ƙasar Ancau, gabas da Zariya, aka sare kurmin rafuffuka a wani yanki mai tsawon kimanin mil 70, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ba kowa ya ji daɗin tashin ba, gama an yi shi da ikon hukuma ne. Amma ciwon ya ja da baya ƙwarai. Wannan aiki ne Dikko ya gāda, da ma'aikatansa da kekunansu da littattafan sunayensu.

Ɗauki kuturta kuma. Da can babu abin yi sai a ware mutum. Mishan suka riƙe zangon kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, daga baya kuma Danja kusa da Maraɗi. Sun bi sawun Ubangijinsu ne, wanda bai ƙi taɓa kuturu ba. Amma zango nawa za a gina? Sai aka gane ƙwayar dafson, mai araha, ana haɗiya da baki. Cikin shekarun 1950 aka buɗe ɗaruruwan wuraren ba da ita a Arewa, waɗansu rumfa ce kawai a bakin kasuwa. Mutum ya zo ya sha maganinsa ya koma gonarsa, ba a raba shi da iyalinsa ba. Yau magani ya fi na da ƙarfi, kyauta ne kuma, cikin wata 6 ko 12 an gama. In ka ga wani tabo mai haske a jikinka ko na ɗanka, wanda ba ya jin taɓi, kada ka ɓoye. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa.

Agana fa? Tambayi tsofaffi, za su nuna maka zanen da ta bari a fuska, za su ƙirga maka makafin da ta yi. Masu lamba sun yi shekaru suna bin gari gari, mutane suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu. A 1967 aka fara babban yaƙi da ita a Afirka ta Yamma duka, Nijeriya da Nijar a ciki. A 1970 aka ga ta ƙarshe a Nijeriya. A 1980 aka sanar ta ƙare a duniya. Ba a bene aka kashe agana ba. A ƙofar gidan dagaci aka kashe ta, hannu bayan hannu.

Ka ga yadda abin yake? Babban asibiti kamar kan mutum ne. Ɗakin shan magani na ƙauye, da ungozoma, da mai lamba, da duba-gari, su ne ƙafafu. In ƙafafu suka shanye, kowane mai zazzaɓi da mai gudawa sai ya tafi babban asibiti, layi ya cika, gado ya ƙare, mai ciwon da babu inda za a iya masa sai nan ya mutu a baranda yana jira. Haka yake a Kaduna da Zariya, haka yake a Maraɗi da Yamai. Shekarun ƙarfin Dikko a kan ƙafafun nan suka ƙare, aikin da ba a yi wa mutum kirari a kansa.

AREWA TA FARA HORAR DA NATA

Muddin sai an haye teku kafin a zama likita, Arewa ba za ta ƙoshi ba. An buɗe asibitin koyarwa a Ibadan a 1957. A Kano an gwada wata makarantar likitoci a tsakiyar shekarun 1950, amma ba ta daɗe ba. Sai da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sa'an nan a 1967 ta buɗe sashen koyon aikin likita. Shugaban jami'ar a lokacin, Furofesa Ishaya Audu, likitan yara ne. A Ancau aka haife shi a 1927, shi ma kuwa makarantar Wusasa ya yi. Dubi ikon Allah. 'Yar jama'ar nan da ciwon barci ya kusa sharewa, ita ta ba Arewa likitanta na fari, ita kuma ta ba ta mutumin da aka fara yaye likitoci a ƙarƙashinsa.

Asibitin koyarwa na jami'ar bai fara da gini guda ba. Asibitocin Gwamnatin Arewa aka ba ta, na Zariya da na Kaduna da na Malumfashi, watau gidajen da ma'aikatar su Dikko ta rena. Da gangan aka haɗa da Malumfashi, domin ɗalibi ya kwana a karkara, ya ga rijiyar da ake sha, ya ga abin da yake kashe yara kafin su kai shekara biyar. Sai a 2005 aka tattara asibitin a sabon mazauninsa a Shika.

Dikko kansa bai koyar a can ba. A shekarar da aka buɗe sashen, 1967, ƙasa ta shiga yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya girma, ya kira shi Ikko. Ya zama Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Wutar Lantarki, a 1971 kuma aka mai da shi Kwamishinan Sufuri. Gwamnatin ta faɗi a 1975. Ya rasu a 1977, yana da shekara sittin da 'yan kai.

Bayan rasuwarsa aka sa wa tsohon asibitin Turawa na Kaduna sunansa. Jihar Kaduna ta kafa jami'arta a 2004, a 2015 kuma aka mai da asibitin wurin koyar da ɗalibanta. A filin nan da dā ba a kwantar da baƙar fata, yanzu yara daga Zariya da Kafancan da Birnin Gwari da Kagoro, Musulmi da Kirista, suna tsaye a bakin gado ɗaya suna koyon jin bugun zuciya.

In sun gama, waɗansu sukan tsaya a birni. Da yawa sukan nemi hanyar Ingila ko Saudiyya, ta inda albashi ya fi, ba kuwa za mu yi saurin zarginsu ba, gama mun san abin da ake biyansu a gida. Amma kafin su tafi akwai shekara guda ta bautar ƙasa, wadda gwamnatin da Dikko ya zauna a cikinta ta kafa a 1973. A nan ne akan tura sabon likita wani asibitin karkara inda ba wuta, ba ruwan famfo, wani lokaci ba ko safar hannu. A garuruwa da yawa shi kaɗai ne likitan da za su gani, wata goma sha biyu, sa'an nan ya ɗaure kayansa, su zauna jiran wani.